Itace a Gonar Aro

Ba zan faɗi sunan mijina ba. Matan zamaninmu ba ma kiran sunan miji, ko a gaban alƙali sai an matsa, kuma tsufa bai sa na canja ba. Malam nake ce masa, haka ma kowa. In ana son bambanta shi da sauran malamai sai a ce Malam Ba'indiye, shi kuwa duk duniya ba abin da ke ɓata masa rai kamar wannan, domin daga Pakistan ya zo. Ya yi bayani har ya gaji. Mutanenmu su saurare shi da ladabi, su gyaɗa kai, gobe su sake gaishe shi da sunan da suka saba.

Ya zo ne cikin ayarin malaman da gwamnati ta ɗauko daga waje lokacin da kuɗin mai ke yawo, aka turo shi wata makarantar kwana ta maza a Gwarzo yana koyar da kimiyya. Ni kuma 'yar Kabo ce, ina koyarwa a firamare, bazawara, mijina na fari ya rasu ya bar ni da 'ya ɗaya da bakin da ba ya shiru. A wajen wani taron malamai na fara ganinsa, dogo siriri, yana kokawa da tuwon dawa da cokali. Na ce masa tuwo ba ya son ƙarfe. Ya ajiye cokalin ya tsoma hannu, miya ta ƙona shi, ya daure bai cire ba don kada in yi masa dariya. Na yi dariyar duk da haka. Kafin shekara ta zagayo ya aiko abokan aikinsa gidanmu.

Baba bai hana ba. Ya ce mutumin Musulmi ne, ni kuma bazawara ce, ba yarinya ba, na san abin da nake so. Amma bayan an shafa fatiha ya kira ni zaure ya ce in riƙe magana ɗaya: baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Raɓa tana da daɗi da safe, in rana ta ɗaga kada in zo in dame shi da kuka. Washegari ya je kasuwa ya sayo kujerar katako mai jingina, ita kaɗai ce a gidanmu. Duk ranar da Malam ya zo gaisuwa sai a fito da ita, a kawo masa abinci a kwano daban, da cokali a kan murfi. Sauran surukan Baba a ƙasa suke zama, a kwano ɗaya suke ci da yayyena, yana yi musu faɗa, yana aika su gona ba ko sannu. Malam kuwa sai sannu da zuwa, ina gajiya, Allah ya huta gajiya. Da farko ya ɗauka girmamawa ce. Bai daɗe ba ya gane.

Ni ban taɓa jin wata aba wai kurket ba sai da na tare. Na tarar da wata doguwar jaka a ƙarƙashin gado, a cikinta akwai katako mai faɗi da yake shafa wa mai fiye da yadda nake shafa wa jariri, da jan ƙwallo na fata mai taurin goriba, da wasu matasai da ake ɗaurawa a ƙwauri. Wasan shi ne a kafa turaku uku, mutum ɗaya ya yi jifa yana neman kayar da su, wani ya tsaya gabansu da katakon nan yana karewa, sauran su bazu a fili suna jiran ƙwallo. A wuni ana yi, wani lokacin har a kwana a dawo, a tashi kuma a ce maka ba wanda ya ci. Na ce wannan ba wasa ba ne, zaman kashe wando ne da aka sa wa fararen kaya.

Malam mai jifa ne. Ba ƙarfi gare shi ba, jifansa a hankali yake, har ka ce tsohuwa ma za ta tare. Sirrin a yatsu yake. Yakan murza ƙwallon yayin saki, ta sauka a nan ta karkace can, mai katako ya kai duka ya sami iska. Amma sai a kan ƙasa mai tauri, shafaffiya, dogon zirin da bai fi faɗin tabarma biyu ba. A makarantar yana da irin wannan ziri a tsakiyar filin wasa, yana ba shi ruwa da yamma, yana murje shi da wani naɗin ƙarfe. Na yi kishi da wannan ƙasa, ba na ɓoyewa.

Sai zamanin tsuke bakin aljihu ya zo. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Sabulu da madara sai an yi layi, albashi sai ya ga dama, naira kuma ta faɗi har abin da malaman waje ke aikawa gida bai kai a aika ba. Suka fara tafiya. Yau a sayar da firjin wannan, gobe motar wancan, kowane mako da liyafar ban kwana. Mutanen ƙasarsu da suke haɗuwa ran Asabar su yi wasa duk suka watse. Ni kuwa na zama mai gadin fuskar miji. In ya yi shiru in ce lissafin tafiya yake, in ya yi dariya in ce ya gama lissafin. Rannan na kasa daurewa, ina tankaɗe na tambaye shi kai tsaye yaushe ne nasa jirgin. Ya ce in ya tafi wa zai ba filin ruwa. Na ce to madalla, ashe albarkacin ƙasa nake ci. Kwana biyu ban yi masa magana ba.

Filin ma bai tsira ba. Da damina ta faɗi malamai suka raba shi suka shuka masara, kuma ba wanda zai ga laifinsu, yunwa ba ta san wasa ba. Malam ya dawo ranar da aka sa garma a zirinsa, ya zauna a bakin gado bai ko cire takalmi ba. A nan tsoro ya kama ni sosai, domin shi da bakinsa ya faɗa mini abin da ke riƙe da shi, ga shi an nome. Da safe na hau motar Kabo na je wurin Baba.

A gefen gonar Baba akwai wani fako da ko ƙaya ba ta son fita. Shi na roƙa. Baba ya ce a kira mai unguwa, ya kuma sa Malam ya zo da kansa. A gaban shaidu ya zagaya wurin da sandarsa, ya ce aro ne, ba kyauta ba. Kowa a ƙasarmu ya san ma'anar wannan. A gonar aro kana shuka abin da za ka girbe ka tashi, amma ba ka haƙa rijiya, ba ka dasa itace. Itace shaida ne. Wanda ya dasa shi ya ce ƙasar tasa ce, shi da 'ya'yansa. Malam ya yi godiya daga kan kujera, domin har gona aka biyo shi da ita.

Muka dawo Kabo da zama, yana zuwa Gwarzo a babur. Naɗin ƙarfen na makaranta ne, don haka ya cika wata tsohuwar ganga da yashi, shi da ɗalibansa suna ta gangara ta a kan fakon. Ƙasar ta ƙi. In ta bushe sai ta tsage, ƙwallo ta sauka ta mutu a wurin. Inna, mahaifiyata, ta zo wucewa da itacen girki a ka, ta tsaya tana kallon maza suna gumi. Ta tambaye ni me suke nema. Na ce ƙasa mai tauri, shafaffiya, wadda ba ta tsagewa. Ta ce, "To ai daɓe ke nan. Wa ya sa maza aikin mata?"

Ba ta shawarci kowa ba. Ta aika gida gida kamar za a yi daɓen ɗakin amarya. Aka fasa shurin gara aka kwaso jar ƙasarsa, aka kawo burji, aka jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a tuluna tun kwana biyu kafin ranar. Da hantsi mata suka cika fakon, kowace da madaɓinta, suka jeru a durƙushe suna bugu tare, ana yayyafa ruwa ana bugu, ana waƙa. Waƙar kuwa duk a kan Malam take: angon da ya gina ɗaki ya manta bango, zai kwantar da amarya a gaban taurari. Shi yana tsaye daga nesa yana ta murmushi, rabi yake ji rabi ba ya ji. Na dama fura, na yi dambu, aka ci aka koma. Da yamma aka shafe daɓen da ruwan makuba, ya yi duhu yana sheƙi. Da ya bushe Malam ya zo ya doka ƙwallo, ta yi tsalle ta kai masa ƙirji. Ya sake dokawa. Sai na ga babban mutum yana tsalle shi ma, hularsa a ƙasa. Ya ce ko a birnin da aka haife shi bai taɓa jifa a kan irin wannan ba. Inna ta ce a gaya masa duk bayan damina sai an sake, kuma ba kyauta mata ke bugu ba, a tanadi goro.

Baba yakan tsaya da fartanya a kafaɗa yana kallon surukinsa da safe. Ya ce shi dai tun da aka haife shi bai taɓa ganin manomin da ke ba ƙasa ruwa, in ta tsiro ya tuge ba. Amma ni yake gaya wa. In Malam ya matso sai ina kwana, ina gajiya.

Albarkacin wannan daɓe aka gan shi. Ya kai ɗalibansa wani wasa a Kaduna, mutum ɗaya bai zo ba, ya shiga ya cike gurbi, ya yi ta kayar da turakun mutanen da suka zo da motoci. Bayan wasu watanni aka kira shi Legas. Dokar wasan ta yarda wanda ya daɗe a ƙasa ya buga mata, shi kuwa ya daɗe. Na soya masa dambun nama, na wanke fararen kayan da bula, ya hau jirgin ƙasa da doguwar jakarsa. Ya dawo baƙi wuluk, a rame, da koriyar hula mai tambarin ƙasa. Ya ɗora ta a kan tebur muka zauna muna kallonta, ni da shi da yara.

Daga nan ya yi shekaru yana bugawa. In lokaci ya yi a kira shi, su kara da Ghana, da Saliyo, da Gambiya, wani lokacin a can, wani lokacin a Legas. Kada a ɗauka wani abu ne mai ƙyalli. Sau da yawa da kuɗin aljihunsa yake tafiya, su kwana a ɗakin ɗalibai, ya dawo da zazzaɓi. Nakan murɗa rediyo daga tasha zuwa tasha ko zan ji an ambace su, sai ƙwallon ƙafa, sai dambe. Sau ɗaya hotonsu ya fito a jarida, kansa bai fi ƙwayar gero ba, na yanke na ajiye. A Kabo in an tambaye ni ina Malam, na ce ya je buga wa ƙasa wasa, sai a ce Allah sarki, har yanzu bai girma ba.

Can ma ba a bar shi ya huta ba. Wasu suna gunagunin ya tare wa ɗan ƙasa wuri. 'Yan kasuwar ƙasarsu da ke Legas kuma sukan zo kallo, su yi masa magana da harshensu, suna tambayarsa me yake yi a ƙarƙashin tutar wasu. Ya ce da Hausa yake ba su amsa, don su ji haushi. Akwai wata rana da ya fi so a duk wasanninsa, a Akara ta Ghana, da ƙasa ta karɓi jifansa ya yi ta kayar da turakunsu ɗaya bayan ɗaya har abokansa suka ɗauke shi a kafaɗa. Na ji labarin nan har na iya shi. In ya fara, yara su riƙa ƙarasa masa, shi kuma ya tashi tsaye a tsakar gida ya ɗauki lemo ya nuna yadda ya murza.

Sau biyu ya roƙi Baba itace. Na farko saboda rana ne. Fakon ba inuwa, yaran da ke zuwa daga Kutama da Lakwaya a kan keke suna jiran layinsu a tsakiyar zafi, har wani ya taɓa faɗuwa. Ya ce ko darbejiya ɗaya. Baba ya ce a yi rumfar kara, ya ma ba da karan. Duk shekara iska ta kwashe, duk shekara a sake.

Na biyu bayan takardarsa ta zama ɗan ƙasa ta fito ne, wadda ya yi shekaru yana bi. Ya sa babbar riga, ya ɗora koriyar hular nan a kai, abin ba kyan gani, muka tafi tare. Aka fito da kujera. Ya nuna wa Baba takardar, ya ce yanzu shi ɗan Najeriya ne, ya kuma tsaya a gaban tutarta a ƙasashe uku, yana roƙon a bar shi ya dasa mangwaro ɗaya a bakin daɓe. Baba ya karɓi takardar da hannu biyu, ya juya ta, ya mayar. Ya ce Allah ya sanya alheri. Sa'an nan ya dube ni, ba shi ba.

"Takarda ta gwamnati ce, gona tawa ce. Tun da ya zo bai taɓa komawa gida ba, kuma na san dalili, kuɗin jirgi ne ya fi ƙarfinsa. Wanda ba shi da kuɗin mota ba a ce ya zauna ba. Yana da uwa a can. Ranar da ya je ya ga gida, ya dawo da ƙafarsa, a zo a yi mini maganar itace."

Na fita fuu, ko sallama ban yi ba. Na shiga wurin Inna na zazzage mata duk abin da ba zan iya gaya wa Baba ba: mutum ya ba ku jikoki huɗu, ya ci tuwonku, ya bi gawarku, ya yi layin sabulu tare da ku, me kuma ake nema, ya yanka kansa? Inna ta bar ni na gama, ta ce abin da ya sa na yi zafi haka shi ne tsohon ya faɗi abin da ke raina. Gaskiya ta faɗa. Shekara da shekaru ina kwana ina tashi da wannan tambaya, ko zama yake yi ko rasa hanya ya yi. A kan babur muna komawa Malam ya ce, ƙasa ta ba shi hula, Baba ya ba shi kujera. Bai ƙara ba, bai kuma sake roƙo ba.

Kafaɗarsa ce ta sallame shi daga wasa. Ba a yi wani biki ba, ya dawo daga tafiyarsa ta ƙarshe da agogon bango da aka ba shi, wanda bai yi wata uku yana aiki ba. Ya ci gaba da koyar da yara a daɓen, yana jifa da hannu ƙasa ƙasa. Biyu daga cikinsu sun kai ga buga wa jiha, ya fi murna da su fiye da hularsa.

Da aka ƙaddamar da Shari'a gari ya ɗauki zafi, kowa yana duba abin da maƙwabcinsa ke yi. Wasu samari masu sabuwar himma suka zo fakon, wai sun ji ana tara yara ana wasan Nasara, ko ma da caca a ciki. Suka tarar da yara cikin dogayen wanduna farare da riguna masu hannu, an kuma tsayar da wasa ana alwalar la'asar, Malam ne liman. Suka tsaya suna kallo. Ɗayansu dai ya dage cewa shagala ce. Baba yana kusa yana cirar wake, ya taso da ƙyar, ya ce gonarsa ce, shi ya ba da aro, wanda ke da magana ya same shi a zaure. Ya ƙara da cewa su je filin ƙwallon ƙafa tukuna su rufe wa 'yan uwansu cinya. Suka tafi. Malam ya yi ta godiya, Baba ya ce ba komai, ai baƙo amana ne. Na so ƙasa ta tsage.

A bazarar da ta biyo, ana tsakiyar cin mangwaro, saƙo ya zo mahaifiyarsa tana kwance. 'Yan uwansa suka haɗa suka aiko masa da tikiti, na zuwa kawai. Na haɗa masa kaya. Muka raka shi filin jirgi a Kano, ya ce wata ɗaya. Da na dawo na leƙa ƙarƙashin gado, jakar tana nan, na ɗan sami natsuwa. Sai na duba ƙusar da yake rataye hular, babu. Mutumin da zai dawo me zai yi da hula? Na zauna a ƙasa na yi kukan da Baba ya ce kada in kawo masa.

Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce. Sai na je Kano nake samunsa a waya, muryarsa can nesa. Ya ce tsohuwa ba ta tashi ba, ba ta tafi ba. Ya ce sun gyara masa ɗakin mahaifinsu, wata makaranta ma tana nemansa. Ya faɗa yana dariya, ni ban yi ba. A gari an fara yi mini irin gaisuwar da ake yi wa wadda aka saki ba a gaya mata ba. Damina ta sauka, ciyawa ta fasa gefen daɓe. Yayyena suka ce a sa garma a shuka gyaɗa, tun da mai aro ya tashi. Baba ya ce ba a karɓar aro a bayan mai shi.

Ina zuwa gida a lokacin nan kusan kullum, don zaman ɗakina ya ishe ni. Rannan na ga Baba a bayan rumbu a tsugune, yana tsiyaya ruwan buta a wani tsohon gwangwanin madara. Tsiron mangwaro ne a ciki, ganyensa ja ja. Inna ta ce ranar da muka tafi filin jirgi ya sha mangwaro, ya wanke ƙwallon, ya binne a nan. Kullum shi ke ba shi ruwa, yana kai shi rana, yana mayar da shi inuwa, ya hana awaki sakat. Da marka ta zo tsiron ya kai kamu biyu, saiwa ta fara leƙowa ta ƙasan gwangwani. Yayana ya ce a dasa shi kafin ruwa ya ɗauke, in ba haka ba zai mutu. Baba ya ce ba hannunsa ne zai dasa ba. Ban tambaye shi komai ba, shi ma bai dube ni ba. Muka zama mu biyu muna jiran mutum ɗaya, kowa yana kunyar ɗan uwansa.

Ya dawo ana saura kaɗan ruwa ya ɗauke, ba sanarwa, a motar haya daga Kano, bayan ya binne mahaifiyarsa, gemunsa ya yi fari. Hular tana kansa. Daga baya ya gaya mini tsohuwar ya kai wa ta gani, domin ba ta taɓa yarda wasan nan zai kai shi ko'ina ba, kuma a gefen matashinta ta ajiye ta har ta cika. Ban bar shi ya huta ba, na ce mu je ya gai da Baba.

Muka yi sallama a zaure. Ƙanena ya zabura zai ɗauko kujera, Baba ya ce ya bar ta. Malam ya tsaya yana waige waige, sai ya durƙusa a ƙasa. Baba ya yi masa ta'aziyya yadda ya kamata, aka shafa. Yana sauke hannu sai fuskarsa ta canja.

"Kai wane irin mutum ne? Ka ce wata ɗaya, ka je ka share wuri ka zauna. Ka bar mace da yara, ka bar ciyawa ta cinye aikin da mata suka yi maka, damina tana shirin wucewa. Ni bawanka ne da zan yi ta yi maka ban ruwa? Tashi ka ɗauki fartanya."

Ya aika a kira mai unguwa. Muka ɗunguma zuwa fako, Malam a gaba da kayan tafiyarsa, fartanya a hannu ɗaya, gwangwani a ɗaya. Ya fara haƙa a bakin daɓe, Baba ya ce nan ya yi kusa, saiwa za ta fasa masa ɗakin nasa marar bango, ya matsa. Ya matsa. Baba ya ce ramin bai yi zurfi ba, ko kaza ta fi shi tono. Kafaɗar nan mai ciwo, amma ya ci gaba. Da ya sa tsiron ya mayar da ƙasa ya danna da tafin hannu, Baba ya juya wurin mai unguwa ya ce ya gani da idonsa wanda ya dasa. Mai unguwa ya ce ya gani. Aka koma gida, aka kawo tuwo a kwano ɗaya, ba cokali, ya zauna tsakanin yayyena suna ture masa hannu.

Baba bai ga 'ya'yan mangwaron ba, Malam ya gani, ya kuma sha shekaru yana korar yara daga kansa. Yanzu su biyun suna maƙabarta ɗaya, ba nisa tsakaninsu. Amma ni in na tuna, ba itacen nake fara gani ba. Hanyarmu ta komawa nake gani a yammacin nan, a ƙafa, yana gaba ina biye, rigarsa duk jar ƙasa. Muka yi ta tafiya har muka wuce masallaci. Sai ya juyo, hawaye yana bin gemunsa, bakinsa kuma har kunne.

"Kin ji yadda ya zage ni?"

Na ce na ji, kuma kaɗan ma ya yi masa, sauran yana jiransa a gida.